Hukuncin Ɗaura wa Jariri "Idon Horas" da Aka Sayo a Alkahira

Tambaya: Malam, maigidana yana karatu a Azhar. Ya aiko min da sarƙar azurfa mai siffar ido daga kasuwar Khan Khalili. Na ɗaura wa jaririna saboda kambun baka. Ƙawata ta ce ba komai, ado ne, tunda addinin Fir'aunoni ya mutu.

Amsa: 'Yata, Allah ya raya yaron. Kalmarki "saboda kambun baka" ita ce ta yanke hukunci. Ki cire masa yau.

Wannan ido na wani abin bautar mutanen tsohuwar Masar ne, Horas, wanda suke cewa an ɓata masa ido sannan aka mayar masa da shi lafiya. Masu gyaran gawa a tsohuwar Masar sukan tsaga cikin mamaci ta hagu, su ciro hanta, huhu, tumbi da hanji su sa a tuluna huɗu, kowane tulu da ɗan Horas mai gadinsa. Sai su rufe tsagar da ɗan faranti mai wannan ido. Tun asali laya ce ta neman kariyar wanin Allah.

Maganar ƙawarki na sha jinta, har daga bakin masu karatu, kuma ba ta tsaya ba. Mutuwar masu bauta ba ta kashe ma'anar abu muddin mai rataya shi yana raya ta a zuciya. Ke ba ki san sunan Horas ba, amma abin da suke nema a wurinsa shi kika nema. In ado ne, me ya sa sai a wuyan jariri, a ƙarƙashin riga, inda ba mai gani? Hadisin "wanda ya rataya laya ya yi shirka" Uƙbatu ɗan Amir ne ya ruwaito shi, sahabin da ya yi gwamnan Masar ɗin nan. Saɓanin malamai yana kan layar ayoyin Alƙur'ani, wannan ko kusa ba ta shiga ciki.



Kada tsoro ya kama ki, cikin rashin sani kika yi. Ki yi istigfari, ki kai wa maƙeri ya narkar, azurfar halal ce. Safe da yamma ki tofa masa Falaƙi da Nasi. Maigidanki kuwa ki gaya masa cikin ladabi, ban da gorin karatunsa, tsaraba ya yi niyya.

Wallahu a'alam.