Rumbun Kwamfutata Na Cika Shi Kaɗai

Tambaya: Malam, rumbun C na kwamfutata mai Windows 10 sai cika yake, alhali ban zuba komai ba. Bairos ne?

Amsa: Da wuya, ɗan'uwa. Yawanci aikin Windows ne da kanta. In kwanan nan aka yi mata babban sabuntawa, nemi folda mai suna Windows.old a rumbun C. Tsohuwar manhajar ce aka ajiye, takan haura gigabait 10. Buɗe Disk Cleanup, danna Clean up system files, ka zaɓi Previous Windows installation(s). Sai dai da zarar ka goge, babu sauran komawa tsohuwar.

Akwai kuma hiberfil.sys, ɓoyayyen fayil na Hibernate (yanayin da kwamfuta ke ajiye aikinka kafin ta mutu), mai cin kusan kashi 40 cikin 100 na girman RAM. Buɗe Command Prompt a matsayin administrator, ka rubuta powercfg /h off don cire shi. Fast Startup, wato tsarin kunna kwamfuta da sauri, zai tafi tare da shi. Pagefile.sys kuwa, wani ɓoyayyen fayil da Windows ke amfani da shi a matsayin ƙarin RAM, kada ka taɓa shi.