Wane ne ya fi shahara cikin 'yan ƙwallon Japan?

Tambaya: Malam, a gidan kallon ƙwallo na unguwarmu muna gardama a kan ɗan wasan Japan da ya fi suna. Matasa sun ce Mitoma, ni kuwa na ce Kagawa. Wa ke da gaskiya? Daga wani mai karatu a Aboabo, Kumasi.

Amsa: Ɗan'uwa, a nan Gana shahara tana bin gasar Firimiya ta Ingila, domin ita ce ke cika gidajen kallo ranar Asabar. Shi ya sa matasa suka fi sanin Kaoru Mitoma na Brighton, wanda ya tsamo ƙwallo a bakin layi har Japan ta doke Sifaniya a Kofin Duniya na 2022.

Amma idan kofuna za a duba, hujjarka ta fi ƙarfi. Shinji Kagawa ya ci gasar Jamus da Dortmund a 2011 da 2012, sannan ya ci Firimiya da Manchester United a 2013. Kada kuma a manta da Shinji Okazaki, wanda ya ɗauki kofin da Leicester a 2016 tare da namu Jeffrey Schlupp da Daniel Amartey.

A ganina dai, Hidetoshi Nakata ya sha gabansu duka, domin shi ya buɗe wa na baya ƙofar Turai: ya tafi Italiya a 1998, ya ci gasar ƙasar da Roma a 2001, ya kuma rataye takalmi a 2006 yana da shekara 29 kacal, lokacin da yawancin abokan gardamarka ba su fara kallon ƙwallo ba.