Guzurin da ke kai yarinya ƙarshen zango a makarantar kwana

Hajiya, kin tambaya wane guzuri za ki haɗa wa 'yarki da za ta fara makarantar kwana a nan Kaduna. Zango kusan mako 13 ne, don haka busasshen abu za ki riƙe: garin kwaki mudu biyu, ƙuli-ƙuli, sukari, madarar gari da yaji. Ki zuba kowanne a roba mai murfi, ban da leda, ɓera na huda ta. Ga damina kan kai Oktoba, danshi na sa gari fumfuna. Dambun nama sai ya soyu ƙarau, in ba haka ba kwana kaɗan ya lalace. Wasu makarantun kan ƙwace abincin gwangwani, ki fara duba takardarsu. Kuma ki raba kayan biyu, rabi sai ranar ziyara.