Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Masu Wasannin Bidiyo Ke Ƙorafi Kan Ƙarin da Ake Sayar Musu?

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo kusan duk sun taru ne a kan abu guda, wato ƙarin kayan wasa da kamfanoni ke sayarwa ta intanet bayan mutum ya riga ya mallaki wasan, abin da masu harkar ke kira DLC a taƙaice. Mun zaɓi huɗu daga ciki, mun kuma taƙaita su saboda ƙarancin wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Akwai abin da ke ɗaure mini kai. Duk lokacin da kamfani ya fitar da ƙarin da sai an biya kafin a sauke, sai ka ga masu wasa sun yi masa ca suna zarginsa da haɗama, alhali ba wanda aka tilasta wa saye. Shin wannan ƙorafi yana da tushe, ko kuwa son banza ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ba za a rasa masu son banza a ciki ba, amma idan aka bi tarihin abin za a ga cewa ba biyan kuɗin ne ke ɓata wa yawancinsu rai ba. Tun kafin intanet ta yi ƙarfi ana sayar da ƙarin wasa a kan faifai, kuma mutane suna saye da murna. Kamfanin Blizzard ya fitar da Brood War a matsayin ƙari ga StarCraft a 1998, ya kuma fitar da Lord of Destruction ga Diablo II a 2001, har yau kuwa ana ambaton su da yabo, domin duk wanda ya biya ya samu sabon labari da sababbin fagage da za su ɗauke shi makonni.

Rikicin ya soma ɗaukar sabon salo ne a watan Afrilun 2006, lokacin da kamfanin Bethesda ya sa sulken doki a kasuwa ga masu buga The Elder Scrolls IV: Oblivion, a kan dala 2.50 a na'urar Xbox 360. Kuɗin ba su taka kara sun karya ba, amma mutane sun ga cewa an buɗe wata ƙofa: a yanka wasa gunduwa-gunduwa, a riƙa sayar da kowace gunduwa daban. Sulken dokin ya zama abin ba'a na shekaru, ko da yake, abin dariya, a yau mutum yakan biya dala 20 a kan tufafin ɗan wasa guda bai ko ɗaga gira ba.

Shekarar 2012 ce ta fi fito da ainihin abin da ke cin mutane a rai. A cikinta aka gano cewa mayaƙa 12 na Street Fighter X Tekken suna nan kwance a kan faifan da mutane suka saya, an dai kulle su ne har sai an sake biya. A cikinta kuma Mass Effect 3 ya fito tare da wani ƙari mai suna From Ashes a ranar farko, ɗauke da wani jarumi da masoya labarin ke ganin yana da muhimmanci ƙwarai, sannan aka sayar da ƙarshen labarin Asura's Wrath a matsayin ƙari na daban. Kamfanoni sukan kare kansu da cewa ana kammala wasa makonni kafin ranar fitarsa, domin a tantance shi a kuma buga faifai, don haka ma'aikata kan yi amfani da wannan tazara su shirya ƙari. Akwai gaskiya a wannan bayani, sai dai bai amsa tambayar wanda ya riƙe faifai a hannunsa ya kuma san abin da ake neman ya biya yana cikinsa ba. Kamar mutum ne ya sayi gida, ya shiga ya tarar da ɗaki guda a garƙame, mai sayarwa kuma ya ce makullin yana da nasa farashi.

Yanzu dubi ɗaya ɓangaren. Kamfanin CD Projekt Red na ƙasar Poland ya fitar da The Witcher 3 a 2015, ya raba ƙananan ƙari 16 kyauta, sannan ya sayar da manya guda biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine. Na biyun ya yi girman da har ya lashe kyautar wasan da ya fi fice a rukuninsa a bikin The Game Awards na 2016, inda ya kayar da cikakkun wasanni. A watan Yunin 2024 aka fitar da Shadow of the Erdtree, ƙarin Elden Ring, a kan dala 40, aka kuma sayar da kwafi miliyan 5 cikin kwana uku. Mutanen da ake cewa ba sa son biya su ne suka yi wannan rububi. Abin da suke aunawa, a fahimtata, shi ne ko wasan cikakke ne ba tare da ƙarin ba. Idan cikakke ne, ƙarin kuma ya zo da aikin da ake iya gani, sai su ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Idan kuwa suka ji an ciro abin ne daga abin da suka riga suka biya, ko nawa ne farashin za su kira shi cuta, kuma ina ganin sun yi daidai.

Tambaya: Malam, ni ina ganin ana zaluntar kamfanonin nan. Farashin wasa ya daɗe bai motsa ba, kuɗin shirya shi kuma sai hauhawa yake yi. Idan ba su sayar da ƙari ba, da me za su biya ma'aikata? Ban da haka ma, masu zagin ai su ne masu sayen.

Amsa: Ɗan'uwa, rabin maganarka gaskiya ce. Daga wajajen 2005 har zuwa 2020 farashin babban sabon wasa a Amurka ya tsaya a kan dala 60, kafin wasan ƙwallon kwando na NBA 2K21 ya buɗe ƙofar dala 70 a kan sababbin na'urori, alhali a wannan tsakani yawan ma'aikata da shekarun da ake ɗauka ana shirya wasa guda sun ƙaru matuƙa. Amma akwai abubuwa biyu da ka tsallake. Masu saye ma sun ƙaru ƙwarai a waɗannan shekaru, sayarwa ta intanet kuma ta rage kuɗin buga faifai da jigila. Sannan da farashin ya koma dala 70, ba mu ga an daina ƙananan saye-saye a cikin wasa ba; shi kansa NBA 2K yana ci gaba da sayar da kuɗin cikin wasa da ake ƙarfafa ɗan wasa da su. Wannan ne ya sa da yawa ba sa karɓar hujjar tsadar aiki hannu bibbiyu.

Batun cewa masu zagi su ne masu saye yana buƙatar a duba shi da kyau. Akwai masu baki biyu, babu shakka, amma sau da yawa ba mutane ɗaya ba ne. Waɗanda ke rubuce-rubucen ƙorafi su ne 'yan gani-kashe-nin harkar, mafi yawan masu wasa kuwa ba sa shiga muhawara, suna ganin abu ya burge su sai su saya. A wasannin da ake saukewa kyauta ma, kaso mai tsoka na kuɗin shiga yana fitowa ne daga 'yan tsirarun da ke kashe kuɗi masu yawa, har kamfanoni suka laƙaba musu sunan manyan kifaye. Kamfanin da ke da irin waɗannan ba ya jin zafin surutun sauran.

Sai dai akwai iyakar da masu wasa suka nuna ba sa yarda a ƙetare. Yawancinsu sun haƙura da sayar da kayan ado, tufafi ko launin makami, tunda ba sa sauya sakamakon wasa. Abin da suke kira “biya ka ci”, wato mai kuɗi ya sayi ƙarfin da zai doke wanda ya fi shi ƙwarewa, shi ne ke tayar da ƙura. A watan Nuwamban 2017, masu gwada Star Wars Battlefront II na kamfanin EA suka lissafa cewa sai mutum ya yi wajen awa 40 yana wasa kafin ya buɗe jarumi irin Darth Vader, ƙarfin yaƙi kuma an ɗaura shi a kan akwatunan sa'a da ake iya saye da kuɗi, waɗanda ba a sanin abin da ke cikinsu sai an buɗe. Amsar da kamfanin ya bayar a dandalin muhawara na intanet mai suna Reddit ta sha ƙuri'un rashin amincewa sama da 600,000, dole ta sa ya dakatar da saye-sayen ana jajibirin fitar da wasan. Ka ga ke nan ƙorafi yakan yi tasiri idan ya kai ga barazana ga ciniki da sunan kamfani.

Tambaya: Ni uwa ce, ɗana mai shekara goma sha uku kullum yana roƙona kuɗi wai zai buɗe wasu fakiti a wasan ƙwallon ƙafa. Na ce masa ai an riga an sayi wasan, ya ce ban gane ba. Mene ne wannan abu, kuma ya kamata in damu?

Amsa: Hajiya, abin da yake nufi ya bambanta da ƙarin da muka yi bayani a sama, kuma shi ne nau'in da ni kaina na fi ƙyama. A ƙari na yau da kullum mutum ya san abin da zai samu kafin ya biya. A waɗannan fakiti, ko akwatunan sa'a, ana biya ne kafin a san abin da ke ciki: wataƙila fitaccen ɗan ƙwallo ya fito, amma galibi waɗanda ba a nema ne ke fitowa, sai yaro ya ce bari ya sake gwadawa. Ba a kuma biya da kuɗi kai tsaye, sai an fara sayen maki na cikin wasa, abin da ke sa a kasa lura da yawan abin da ake kashewa.

Hukumomi ma sun lura da kamanninsa da caca. A watan Afrilun 2018 hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta yanke cewa akwatunan da ke cikin wasan ƙwallon ƙafa na FIFA 18 da Overwatch da Counter-Strike: Global Offensive sun saɓa wa dokar caca ta ƙasar, a farkon 2019 kuma EA ya daina sayar da makin FIFA a can. Ba ko'ina aka bi wannan hanya ba: gwamnatin Birtaniya a 2022 ta zaɓi ta bar kamfanoni su tsara wa kansu ƙa'idoji, ita kuwa ƙasar Sin tun 2017 ta wajabta a bayyana yiwuwar samun kowane abu a cikin akwati. A Amurka, kamfanin Epic Games mai Fortnite ya amince a watan Disamban 2022 zai biya dala miliyan 520, daga ciki miliyan 245 na mayar wa mutane kuɗinsu ne, bisa zargin tsara maɓallai ta yadda ake yin sayen da ba a yi niyya ba, har da yara.

Shawarata ita ce kada ki bar katin banki a ajiye a cikin na'urar. PlayStation da Xbox da Nintendo Switch da wayoyin hannu duk suna da saitin iyaye da ke ba ki damar hana saye, ko ƙayyade shi, ko sa a nemi kalmar sirri kowane lokaci. Ki kuma zauna da shi ku buɗe shafin da ke nuna yiwuwar fitowar ɗan wasan da yake buri, domin ganin ƙanƙantar adadin da idonsa zai fi faɗa tasiri. Idan za ki ba shi wani abu, ki yanke masa adadi a wata, ki kuma fifita abin da aka san mene ne kafin a biya.

Tambaya: Ana tallata mini tikitin da zai ba ni duk ƙarin da wani wasa zai fitar a shekara mai zuwa, a farashi mai rahusa. In saya? Kuma idan na saya, ya zama mallakata har abada?

Amsa: Rahusar gaskiya ce idan da ma za ka sayi duk ƙarin, amma biyan kuɗin abin da ba a gama shiryawa ba cinikin biri a sama ne, kuma kamfanin da ya riga ya karɓi kuɗi ba ya cikin matsin da wanda ke jiran ciniki yake ciki. Ni dai nakan jira ƙarin farko ya fito in ga yadda ya kasance, tunda yawanci tikitin yana nan a kasuwa, bayan shekara guda ko biyu ma akan haɗa wasan da dukan ƙarinsa a sayar da su tare da araha.

Game da mallaka kuwa, abin da kake saye lasisin amfani ne. Lokacin da kamfanin Ubisoft ya rufe uwar garken The Crew, wato kwamfutocin da wasan ke dogara da su ta intanet, a ƙarshen Maris 2024, wasan ya daina aiki baki ɗaya, duk abin da mutane suka saya a cikinsa kuma ya tafi tare da shi, wannan ne ma ya haifar da gangamin Stop Killing Games, mai neman a hana kamfanoni kashe wasannin da mutane suka saya. A watan Satumban shekarar jihar Kalifoniya ta kafa dokar da ke tilasta wa masu sayar da kayan intanet su bayyana cewa lasisi ne mutum ke karɓa, Steam kuma, wato shagon sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, ya soma nuna wannan sanarwa a wurin biyan kuɗi. Saboda haka ka fara bincika ko wasan yana aiki ba tare da intanet ba, domin ƙarin irin wannan wasa ya fi daɗewa a hannunka. Idan kuma a Steam ka saya ka ga bai yi maka ba, kana iya neman a mayar maka da kuɗinka cikin kwana 14, matuƙar ba ka buga wasan ya kai awa biyu ba tun bayan sayen ƙarin.