Gwaggo, ba rashin tsari ba ne

Gwaggo, kin ga hoton biki daga nan Ingila, ƙawayen amarya shida kowa da irin rigarta, kin ce ko kuɗin anko ne ya gagara. Wallahi wannan ya fi anko cin lokaci. A gida ana yanko yadi ɗaya a raba, tela ɗaya ko biyu su ɗinka, shi ke nan. Nan kuwa ƙawa ɗaya tana Landan, ɗaya Manchesta, wata ma sai ta taso daga Amurka ana saura kwana biyu. Kuɗin ɗinki yakan fi kuɗin yadin, don haka yawanci ɗinkakkiya ake saye. Ga shi cikin ƙawayen akwai mai rufe hannu har wuyan hannu, akwai wadda ba al'adarta ba ce. Shi ya sa ake barin kowa ta zaɓi ɗinkin da ya karɓe ta, amma da iyaka.

Abu uku ake dubawa: launi, irin yadi, da salon ɗinki. Amarya takan ɗaure biyu ta saki ɗaya. Mafi sauƙi shi ne launi ɗaya, yadi ɗaya, ɗinki daban-daban. Wadda ta saki duka ukun, ƙawayenta za su fito kamar 'yan gayya da suka haɗu a bakin ƙofa. Tsawon riga kam ba a sakinsa, kowa har ƙasa.

Launi ne ke tayar da rigima. In amarya ta ce kore kawai, wata za ta zo da algashi, wata da kore shar, wata da mai duhu kamar baƙi, kuma kowa tana da gaskiya. Hoton waya ma ba abin dogaro ba ne, don kowace waya da yadda take nuna launi. Abin da ake yi shi ne a sayi ƙyallen samfuri, a yanka kamar faɗin tafin hannu, a aika wa kowace ƙawa ta gidan waya, ta riƙe shi in za ta sayi riga. Ko a kamfani ɗaya, launi mai suna ɗaya yakan ɗan bambanta in ba rini ɗaya aka tsoma ba, shi ya sa ake haɗa odar duka a rana ɗaya. Wannan ɗan bambancin shi ya fi muni. Riga biyu da suka kusa zama ɗaya amma ba su zama ba, ido yakan ɗauke su kuskure. In za a bambanta, a bambanta sosai: mai haske, matsakaici, mai duhu, kowane launi a jikin mutum biyu in ƙawayen shida ne. Fiye da uku hoto yakan rikice.

Sai a gwada ƙyallayen sau biyu, a hasken rana da kuma ƙarƙashin irin fitilar zauren biki. A watan Disamba rana tana faɗuwa a Landan kafin ƙarfe 4, kusan duk hotunan a hasken lantarki za a ɗauka, kuma fitila mai ruwan ɗorawa takan mayar da ruwan hoda kamar ruwan goro, ta dusashe shunayya.

Yadi ma haka. Satin yana ƙyalli, yana kama hasken kyamara, shifon kuwa shanye haske yake yi. Launi ɗaya a kansu sai ya fito kamar biyu. In an yarda a gauraya, kada mai ƙyalli ta zama ɗaya tilo, don ita ido zai fara kamawa kafin amarya, sai dai in babbar ƙawa ce aka ware da gangan. Shifon mai haske kuma dole a yi masa shafi, har hannun, kuma shafin ya zama launin rigar, in ba haka ba hasken kyamara zai tona shi. Masu yafa mayafi sukan sayi nasu wuri ɗaya, launi ɗaya. Wannan kaɗai yakan haɗa kan rigunan fiye da komai, a ganina har ya fi sarƙa da furen hannu da Turawa ke dogara da su.

Wajen awo a yi hattara. Lambar girman riga 12 ta Ingila ita ce kusan 8 ta Amurka, kuma kowane kamfani da nasa jadawalin. A auna ƙirji, ƙugu, da kwankwaso da tef, a duba lambar da kowanne ya faɗa a jadawalin, a bi lamba mafi girma cikin ukun. Rage riga abu ne mai sauƙi, ƙara ta kuwa sai in akwai rarar yadi a ɗinkin. Wadda za ta aika awo gida a ɗinko mata, ta rubuta ko inci ne ko santimita, ta kuma bar wa tela rarar inci guda a gefe. Doguwar riga mai dogon hannu takan ci yadi 4 zuwa 5, gwargwadon faɗinsa da buɗewar ƙasan.

Ana fara maganar tun wata shida kafin biki, a yi oda da saura wata huɗu, a bar mako huɗu zuwa shida na gyara. Ranar kalmasa ƙasan riga a je da takalmin da za a sa, in ba haka ba wata rigarta na share ƙasa, wata idon sawu a waje. Kayan da aka saya ta intanet, dokar nan ta ba da kwana 14 a fasa, amma ban da wanda aka ɗinka da awon mutum. Don haka babu mai biyan kuɗi sai ta tura wa amarya hoton rigar da ƙyallen samfurin a kai, amarya ta jera hotunan duka wuri ɗaya ta duba, sannan ta ce a saya.