Tarihin zane ko koyar da zane: wanne ya dace da wadda hannunta bai goge ba?

Tambaya: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare a Tudun Wada, Zariya. Ina son zane, amma hannuna bai kai na wasu 'yan ajinmu ba. Na ji a Jami'ar Ahmadu Bello ana karanta tarihin zane da kuma koyar da zane. Mene ne bambancinsu? Baba kuma ya ce karatu ne da ba ya kawo abinci.

Amsa: 'Yata, duka biyun suna sashe guda a Samaru, tare da zanen fenti da sassaƙa. A shekarun farko babu wanda ake ɗauke wa riƙe fensir, kowa sai ya zauna gaban tulu ko kujera ya zana har hannu ya saba. Daga baya ake rabuwa. To kada maganar hannu ta dame ki, yau da gobe ke gyara shi.

Mai tarihin zane aikinsa ido da bincike da rubutu. Ki ɗauki misalin tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni da bakan gizon da magini Babban Gwani ya ɗaura da ƙasa da azara a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim. Yawancinmu mu yi salla mu fita. Mai tarihin zane kuwa zai tsaya ya tambaya: yaya ƙasa ta ɗauki wannan nauyi, wa ya koya wa maginin, me ya sa adon bangon ya yi kama da dagin da ke jikin babbar riga? Haka zai yi da kawunan yumɓu na Nok da masu haƙar kuza suka fara tonowa a 1928, da tukwanen Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira ashirin, wadda kuma wannan jami'a ta ba digirin girmamawa a 1977.

Ita kanta makarantar darasi ce. Daga Ibadan aka dawo da sashen zane zuwa Zariya a 1955, tun jami'ar ba ta kafu ba, don sai 1962 aka buɗe ta. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya, suka ce ba za su tsaya ga kwaikwayon salon Turawa ba, za su haɗa dabarun aji da adon gargajiyar gidajensu. Har gobe ana kiransu 'yan tawayen Zariya.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, galibin abin da aka rubuta kan ginin Hausa da ɗinkin aska takwas da zayyanar allo, baƙi ne suka rubuta shi ta bakin tafinta. Ke kuwa za ki durƙusa ki gaida tsohon magini, ya buɗe miki cikinsa.

Koyar da zane kuma harkar aji ce: yadda yaro ke tashi daga kwarkwarce takarda zuwa zana mutum da hannu da ƙafa, yadda ake shirya darasi, yadda ake ba da maki ba tare da an kashe wa yaro gwiwa ba. Za a tura ki makaranta ki yi koyarwar gwaji, inda wataƙila babu fenti, sai ki nemo gawayi da yumɓu da bula.

Maganar Baba ba ta faɗi ƙasa ba. Koyarwa ta fi saurin kai mutum ga albashi, a firamare ko sakandare ko kwalejin ilimi. Tarihin zane ƙofarsa ƙarama ce: gidajen tarihi kamar Gidan Makama na Kano, da ɗakunan baje kolin zane, da jami'a, kuma sau da yawa sai an ƙara digiri na biyu. Idan batun mutum-mutumi ne ke ransa bai faɗa ba, ku kai wa malaman addini, amma ki sani fagen ya haɗa da rini da saƙa da gini.

A ganina, in kina jin daɗin koya wa ƙannenki, ɗauki koyarwa. In kuwa ke ce mai yawan tambayar kaka asalin kayan jerenta, tarihin ne naki. Kafin ki cike fom ɗin JAMB, ki duba darussan da ake nema a bana, sannan ki roƙi Baba ya raka ki Samaru ku ga ɗakunan aikin da idonku.