Jini ya daidaita, me zai hana a daina shan maganin?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana da sankarar jini, wadda ake kira CML. Ya shekara biyu yana shan Glivec kullum. Kumburin saifa ya sace, gwajin jini ya daidaita, har ya koma kasuwa. Amma likitansa ya ce kada ya kuskura ya daina. In dai ya warke, shan na mene ne kuma?

Wata uwargida daga Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara masa lafiya. Ina bayan likitansa, kuma ina roƙonki ki sa ido a kan shan maganin nan.

Ƙwayar halitta ba ta hayayyafa haka kawai, sai an umarce ta. Akwai wasu furotin a cikinta, aikinsu isar da wannan umarni, in sun isar su yi shiru. A cutar maigidanki, kuromozom (wato zaren da ke ɗauke da bayanan gado a cikin ƙwayar halitta) na 9 da na 22 ne suka yi musayar gutsure, aka sami gurɓataccen furotin mai suna BCR-ABL. Shi wannan ba ya yin shiru. Kamar makunnin wuta ne da ya maƙale a kunne, dare da rana yana umartar ɓargo ya yi ta zubo fararen ƙwayoyin jini har saifa ta kumbura. Tun 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka hango gurɓataccen kuromozom ɗin da wannan musaya ke haifarwa a birnin Filadelfiya, amma sai a 2001 aka amince da imatinib a Amurka, wato Glivec ɗin da yake sha. Maganin kan shige daidai gurbin da furotin ɗin yake karɓar ƙarfi, ya toshe shi.

To, ga inda gizo ke saƙar. Can cikin ɓargo akwai iyayen ƙwayoyin jini, waɗanda duk sauran suke fitowa daga gare su, kuma a cikinsu cutar ta faro. Wasunsu a kwance suke, ba sa yawan rabuwa, rayuwarsu ba ta rataya a kan BCR-ABL kaɗai ba, don suna karɓar wasu saƙonnin daga ɓargon da ke kewaye da su. Sai maganin ya share 'ya'yan, iyayen suna nan lafe. Gwajin jini na yau da kullum ba ya ganinsu.

Ana iya dainawa, amma da sharaɗi: aƙalla shekara 3 ana sha, kuma gwajin PCR, mai auna ragowar BCR-ABL a cikin jini, ya nuna cutar ta yi ƙasa ƙwarai tsawon shekara 2 a jere. Ko a haka, kusan rabin masu dainawa cutar kan dawo musu, galibi cikin wata 6 na farko, shi ya sa ake gwada su duk wata. Abin da ya fi damuna shi ne tsallaken sha, yau a sha gobe a bari, domin yana ba cutar damar bijire wa maganin.

Ranar da zai koma asibiti ki bi shi, ki tambayi likitan yaushe aka yi masa PCR na ƙarshe da abin da ya nuna.